Ranar da Baba Iorhemba Ya Buɗe Baki

Duk wanda ya san Baba Iorhemba a yankin Ashige ya san shi da abu biyu, doyarsa da shirunsa. Doyar takan zo kasuwar Lafia a bayan mota, manya-manya, masu saye na rububi. Shirun kuwa yana gida, a kan kujerar katako mai jingina, da lofe a hannu. In ka gaishe shi zai amsa, ba ya rowar gaisuwa, amma ko leɓensa ba za ka ga ya motsa ba. Sauran maganar duniya matarsa ce ke yi, Mama Ngodoo, wadda Allah ya ba muryar da in ta kira jika a tsakar gida sai na bakin rafi ya waiwayo. Kuma ba ta taɓa cewa ra'ayinta ba ne. Kullum zancen ɗaya ne: babanku ya ce a sayar da akuya, babanku ya ce 'yar'uwarku Erdoo ta bari sai bayan girbi ta yi aure. Shi kuwa mai maganar yana gefe yana zuƙar taba, jefi-jefi ya ƙwanƙwasa lofen a ƙafar kujera.

Torkuma shi ne ɗansu namiji tilo. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga can ya wuce Makurdi ya koyo aikin kwamfuta, saboda haka zaman gidan bai san shi sosai ba, hutu kawai ya sani. Da ya gama sai ya kama shago a Lafia tare da abokinsa Badaru, ɗan wani mai sayar da yadi, wanda kakanninsa Kanawa ne amma shi a Lafia aka binne cibiyarsa. Suna ɗaukar bidiyon biki, suna buga kalanda da fastar 'yan takara, wani lokaci kuma su haɗa tallan zane mai motsi ga masu maganin gargajiya. Ranar da Torkuma ya faɗa a gida cewa shi ba zai riƙe fartanya ba, Mama ce ta ce babansa ya ce ya je. Wani zuwa da ya yi a 2006 da sabuwar rikoda, ya ajiye ta a gaban tsohon don ya ɗauki muryarsa, nan ma Mama ce ta cika kaset ɗin, kuma a ciki ta ce babansa ya ce ya ji daɗin aikin da yake yi. Torkuma ya karɓi maganar ya sa a aljihu bai bincika ba.

Wanda ya sa shi bincikawa shi ne Baba Aper, ƙanin mahaifinsa, mutumin da bai taɓa ganin taro ya bar shi ya watse lafiya ba. Ranar jana'izar Iorhemba, ƙasa ba ta ko bushe a kan kabari ba, Aper ya ja shi gaban dattawa ya ce ɗan'uwansa ya mutu da baƙin ciki a ciki, ɗa ɗaya tak ya haifa, ɗan kuma ya bar gonar doya ya tafi wasan talabijin. Torkuma ya ce ai baba ya sa masa albarka.

"Daga bakin wa ka ji?" in ji Aper.

Tambayar ba ta fi haka tsawo ba, amma ta bi Torkuma har ɗakinsa a unguwar Akurba ta zauna da shi shekara guda. Ya juya rayuwarsa gaba da baya bai tuna rana ɗaya da uban ya dube shi ya ce ya yi daidai ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya ji kunyar tambayar uwarsa, don tambayar tamkar ce mata maƙaryaciya ce. Da taron cika shekara ya matso, sai ya yanke shawarar da mai kwamfuta kawai zai iya yankewa. Zai sa hoton babansa ya yi magana a gaban dangi, da muryarsa ta cikin kaset. Ga Badaru ya ce don Aper ya ga aikin ba wasa ba ne. Abin da bai faɗa ba shi ne yana so, ko sau ɗaya, ya ga bakin nan ya motsa a gabansa.

Sa hoto magana ba sabon abu ba ne a shagon, sai dai aiki ne mai cin rai. Sun taɓa yi wa wani mai maganin zazzaɓi sauro mai surutu, kuma Torkuma ne ya zana wa sauron bakuna kala-kala, na "a" da na "o" da na "m", ya zauna yana jin kowace gaɓa yana liƙa mata bakinta da hannu, ya koma baya, ya sake ji, ya sake gyarawa. Kafin sauron ya gama cewa a sayi kwalba biyu, idanun Torkuma sun yi jajir, mai maganin kuma ya zo shagon ya fi a ƙirga. Wannan karon lokaci bai kai ba, ga bukukuwan ƙarshen shekara sun taru musu.

Badaru ne ya zo da mafita. Ya dawo daga Kano da faifan sabuwar manhaja, da wata dabara da wani ya nuna masa a can. Za ka ba kwamfuta sautin, ta bi shi daga farko har ƙarshe ta auna ƙarfinsa, ta zana shi a matsayin layi mai hawa da sauka. Sai ka yanke haɓar hoton ka ɗaure ta da layin.

"Otomatik ne, oga," in ji Badaru, yana kaɗa linzamin kwamfuta. "Ba ruwansa da yare. Ka ba shi Tibi, ka ba shi Alago, ka ba shi Turanci, shi dai ƙara yake ji. Murya ta tashi, haɓa ta sauka. Aka yi shiru, baki ya rufe. Kai je ka sha shayinka."

Hoto mai kyau ɗaya ne tsohon ya bari, na ranar auren Erdoo, yana sanye da zanen Tibi mai ratsin baƙi da fari, baki a ɗinke kamar kullum. Suka yanke haɓar da kyau, suka zuba duhu a bayanta. Sai maganar haƙora ta taso, Badaru ya tambaya yaya haƙoran baba suke. Torkuma ya yi tunani har ya gaji, ya ga bai sani ba. Ya buga wa Erdoo waya, ita ma ba ta sani ba. A ƙarshe suka ari haƙoran wani ɗan takarar kansila da suka taɓa buga wa fasta, wanda ya faɗi zaɓe amma yana da haƙora farare tas a jere. Badaru ya ɗan shafa musu ruwan goro don su dace da mai shan taba.

Da suka kunna gwajin farko, muryar tsohon ta fito ƙasa-ƙasa yana gaisuwa da Tibi, yana cewa gida lafiya, gona lafiya. Layin da ke kan allo da ƙyar ya ɗaga kai, haɓar ma da ƙyar ta motsa, haƙoran kansila ko leƙowa ba su yi ba. Badaru ya ce bari ya ƙara wa layin ƙarfi don bakin ya buɗe kamar na mutane. Torkuma ya riƙe masa hannu. Haka babansa yake magana, daidai haka, kuma injin da bai taɓa ganinsa ba ya kwaikwaye shi fiye da yadda kowane mai zane zai iya. Ya tashi ya ce zai sayo ruwan leda, ya daɗe a waje kafin ya dawo, kuma bai dawo da ruwan ba.

Matsalar ita ce maganar tsohon ba ta kai ko'ina ba. Daga gaisuwar nan ya rufe shago, Mama ta ja rikodar gabanta. Nan layin ya yi tsalle ya kusa fasa allo, bakin Baba Iorhemba ya wage har maƙogwaro, yana zuba zance da muryar matarsa. Zakara ya yi cara a bayan gida, tsohon ya yi cara. Aka ƙwanƙwasa wani abu a jikin katako, bakin ya datse ya buɗe. Badaru ya yi dariya har ya zame daga kan benci, Torkuma ma ya yi, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba. Ya ce wannan ba abin da za a nuna wa dangi ba ne. Suka shirya cewa da gaisuwa ta ƙare, hotunan gona da rumbun doya da coci za su hau kan fuskar su rufe ta, muryar Mama ta ci gaba a ƙarƙashinsu. Badaru ya so a goge zakaran da ƙwanƙwasar da dogayen shirun da Mama take yi tsakanin magana da magana, amma suka bar shi sai in an samu lokaci.

Lokacin bai samu ba. Aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, mai gyara ya ce yana zuwa ya tafi Doma. Sai ranar Juma'a da rana komai ya daidaita, lokacin Badaru ya tafi masallaci. To a manhajar nan, kowane shafi na hoto da ka ɗora a kan wani yana da ɗan ido a gefensa. In ka danna idon, shafin ya ɓuya don ka ga abin da ke ƙasa, in ka sake dannawa ya dawo. Torkuma ya rufe idon hotunan gona don ya duba ko haɓar na zaune daidai, ya ga tana zaune, ya ji daɗi, ya danna wa kwamfuta ta haɗa fim ɗin, abin da Badaru ke kira ɗora girki. Babu mai wannan sana'a da bai taɓa mance ɗan idon nan a rufe ba, sai dai yawancinsu a tallan sabulu suka mance shi. Girkin bai nuna ba sai safiyar Asabar, ranar taron. Torkuma ya juye shi a faifai, ya kalli gaisuwar ya ga ta fita tsaf, ya cire ya sa a jaka, suka nufi tasha.

Bayan an fito daga coci aka taru a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa da inuwar mangwaro. Mata na kai da kawo da kwanukan sakwara, an ware wa Badaru tasa shinkafar da lemon kwalba, ya kafa kyamara a gefe. Aka ɗora talabijin a kan tebur, aka aro lasifikar coci, aka kai janareto bayan rumbu don kada ya dami mutane. Baba Aper ya zauna a sahun gaba, ya dogara haɓa a kan sandarsa, da fuskar wanda ya riga ya san abin ba zai yi kyau ba. Mama Ngodoo tana kusa da teburin. Torkuma ya yi ɗan jawabi, ya danna.

Fuskar marigayin ta cika allon, leɓen ya ɗan motsa, ya ce gida lafiya, gona lafiya. Wurin ya yi tsit. Wata tsohuwa daga baya ta amsa gaisuwar ba ta sani ba, sannan ta rufe baki da gefen zane. Erdoo ta fara hawaye. Har Aper ya ɗago haɓa daga kan sanda ya matso da kujera. Torkuma ya ji kansa ya yi girma, ya tsaya yana jiran rumbun doya ya hau allo.

Rumbun bai hau ba. Abin da ya zo shi ne zakara, kuma Baba Iorhemba, mutumin da ya shekara saba'in da wani abu bai ɗaga murya ba, ya wage baki da haƙoran kansila ya yi cara a gaban surukansa da fasto. Yara suka fashe da dariya. Nan take Torkuma ya tuna ɗan idon, ya kai hannu zai kashe. Mama ta kama wuyan hannunsa ba ta ko dube shi ba, idonta na kan allo.

"Bar shi," ta ce. "Ban taɓa ganin cikin bakinsa ba."

Haka ya tsaya, hannunsa a cikin nata, yana ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Marigayin ya shiga bayani da muryar matarsa, yana ba da labarin kansa kamar wani baƙo. Ya ce doyar bana ta yi kyau, a gode wa Allah. Muryar ta tsaya, bakin ya rufe na ɗan lokaci. Ya ce Erdoo ta riƙa kawo yara gida, kada ta bari su manta yare. Bakin ya sake rufewa. Torkuma ya lura cewa yara ne kawai ke dariya. Dattawan sun natsu, wasu na gyaɗa kai, don su a wurinsu babu wani sabon abu, haka Iorhemba yake magana tun da suka san shi, yau dai an haɗa bakin da muryar a wuri ɗaya.

Sai muryar ta ce, ya ce gonar bakin rafi, in ƙarfinsa ya ƙare, ƙaninsa Aper ne zai riƙe ta. Aper ya gyara zama ya waiwaya ya dubi jama'a, don wannan gona ya daɗe yana zagaya ta, kuma shi ya matsa wa Mama a wancan lokacin ta faɗi hakan. Bakin ya rufe. Can sai aka ji ƙwas, ƙwas, bakin ya datsa sau biyu kamar na kifin da aka fitar daga ruwa. Muryar Mama ta dawo da sauri, ta ɗan yi laushi, ta ce wato ya ce za a sake duba maganar.

Dariyar da ta tashi wannan karon ba ta yara ba ce. Tsofaffi ne, maza da mata, har da mai buga cinya. Wani dattijo da ake kira Aondoakaa, abokin noman marigayin, ya share ido ya ce lofe ya yi magana. Torkuma ya dube shi bai gane ba, sai tsohon ya jawo shi da gefen riga ya faɗa masa abin da duk wanda ya zauna da Iorhemba ya sani. Matarsa takan faɗi magana da sunansa, sannan ta dakata ta ba shi fili. In ya yi shiru, maganarsa ce. In ya buga lofe a ƙafar kujera, ba tasa ba ce, sai ta janye. Da haka aka sayar da awaki, da haka aka aurar da 'ya'ya, da haka aka raba faɗan iyaka a ƙauyen. Torkuma ya sha ganin ana buga lofen a lokacin hutu, duk a zatonsa toka ake zubarwa, kuma saura kaɗan shi da Badaru su goge ƙarar daga kaset a matsayin datti.

Bai gama haɗiye wannan ba ya ji sunansa. Ya san wurin, ya ji shi sau da yawa a shago, amma bai taɓa jinsa da sanin abin da zai saurara ba. Bakin babansa ya buɗe sosai ya ce, ya ce ɗansa Torkuma, aikin da yake yi a Lafia aiki ne, kuma zuciyarsa ta yi fari da shi. Muryar ta tsaya, bakin ya rufe.

Babu wanda ya motsa. Masu raba abinci suka tsaya da kwanuka a hannu. Kowa a rumfar nan ya san abin da ake jira, kuma kowa ya zuba wa leɓen nan ido. Tsoro ya kama Torkuma irin wanda bai taɓa ji ba, domin duk sauraron da ya yi wa kaset ɗin bai iya tuna ko akwai ƙwanƙwasa a nan ko babu ba, shi da bai ɗauke ta a bakin komai ba. Shirun ya yi tsawo, ya fi duk na baya, har wani yaro ya tambaya ko faifan ya maƙale. Ba a jin komai sai gurnanin janareto daga bayan rumbu. Bakin bai motsa ba. Daga ƙarshe muryar Mama ta dawo tana cewa a kashe abin nan haka, miya na kan wuta, allon ya yi baƙi.

Aper ne ya fara magana, don ba zai iya barin marigayin ya ci nasara a kansa sau biyu a rana ɗaya ba. Ya ce shi ya san ɗan'uwansa, in zance ya yi tsawo barci ke ɗauke shi a kujera, wannan shirun na barci ne.

Mama ta saki hannun ɗanta ta juyo. "Aper, kai da kuka kwana ɗaki ɗaya tun kuna yara, ka san minsharinsa. Injin yaron nan ko zakaran maƙwabta bai bari ya wuce ba, minshari zai bari?"

Aka sake kwashewa da dariya, har fasto ya sunkuyar da kai. Aper ya jawo kwanon sakwararsa ya ce miyar ta yi sanyi. Kafin la'asar mutum uku sun ja Badaru gefe suna tambaya ko za a iya yi wa nasu mamatan irin wannan, ɗaya ma ya ce shi ba shi da kaset amma matar nasa mamacin na nan da rai. Torkuma ya shekara yana neman dangi su ɗauki sana'arsa da daraja, ga shi sun ɗauka a kan aikin da ya fi kowanne lalacewa a hannunsa.

Da jama'a suka ragu, ya sami uwarsa a bayan madafa tana kankare tukunya. Ya tsuguna kusa da ita kamar zai taya ta, ya ɗauki soso ya riƙe. Sannan ya yi tambayar da ya shekara yana ɗauke da ita, ko baba ya taɓa faɗa mata wannan magana da bakinsa.

Ta ce babansa bai taɓa faɗa mata komai da bakinsa ba, ko ranar da ya zo neman aurenta ƙanwarsa ce ta yi magana, shi yana tsaye yana kallon kaji. Ta ce yawancin abin da take faɗa da sunansa ta riga ta san ransa a kai, daga yadda ya ci abinci ko yadda ya ajiye fartanya. Amma a kan Torkuma ba ta sani ba. Tun da ya tafi, tsohon bai nuna mata ko ta nan ko ta can ba, ita kuma ba ta taɓa yin ƙarfin halin gwadawa a kan ko ya ji daɗi ba, ta dai san bai hana tafiyar ba. Ranar rikodar nan ta faɗa ne kawai, gabanta na faɗuwa, don ta ga yadda ɗanta ya zauna yana kallon uban. Shi ya sa ta ja shirun ya yi tsawo, ba ta so a ce ta yi masa wayo.

"Tabar ta riga ta cinye," ta ce, tana ci gaba da kankara. "Lofen ya cika da toka, lokacin zubarwa ya yi. Na ga ya cire shi daga baki ya kai shi wajen ƙafar kujera, na ce shi ke nan, na kashe ɗana da bakina. Sai ya tsaya. Ya dube ka, ya dubi abin naka mai ɗaukar magana, ya ɗora lofen a cinya ya riƙe shi da hannu biyu. Haka ya zauna da shi a mace har ka shiga mota. Sai da ƙarar motar ta ɓace ya zubar da tokar, kuma da yatsa ya kwashe ta."

Torkuma ya sa soson a tukunyar da ta riga ta wanku ya yi ta gogawa, ita kuma ta ƙyale shi.

Ranar Litinin a shago Badaru ya buɗe aikin, ya nuna wa Torkuma ɗan idon a rufe, ya yi masa tsiya son ransa. Sannan ya ce tunda dangi na son kwafi, bari a gyara shi yadda ya kamata, a buɗe idon, a cire zakara, a datse dogon shirun nan na ƙarshe da ke cin wuri a faifai. Torkuma ya ce a bar komai yadda yake. Ya karɓi linzamin, ya ja fim ɗin zuwa bayan inda aka ambaci sunansa, ya jingina da kujera. A allo babansa na kallonsa da baki a rufe, a ƙasa kuma layin sautin ya kwanta ɗoɗar.

"Oga, babu komai a nan fa," in ji Badaru. "Ka ga layin, ko motsi ba ya yi."

"Na gani," Torkuma ya ce. "Ƙara mini sautin."